Ina koyar da tarihin Najeriya, gari yana ci da wuta

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jujjuya wannan labarin a raina, in fara rubutawa in goge, to yau dai na ce bari in sauke shi ko wani ƙanina da ya samu aikin koyarwa a jami'a ko kwaleji zai tsinci abin da zai amfane shi. Ba zan faɗi sunan makarantarmu ba, ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya gane kansa a ciki ya yi haƙuri.

Ni haifaffen cikin garin Bauchi ne. Babanmu tela ne, Allah ya jiƙansa, kuma ɗan PRP ne na a-mutu, irin mutanen nan da rediyo ba ta barin gefen kekensu. A shagonsa na fara jin musun siyasa, shi yana yabon Malam Aminu Kano abokansa 'yan NPN suna kare Gwamna Tatari Ali, a yi ta ɗaga murya har masu wucewa su tsaya kallo, ana kiran la'asar a tashi a yi sahu ɗaya. Na taso ina zaton haka siyasa take a ko'ina. Rikicin 1991 da ya taso daga garin Tafawa Ɓalewa ya shigo cikin gari shi ya fara nuna min akwai wata iri, ina sakandare lokacin, amma yaro ne ni, da ƙura ta lafa na manta.

A 2008 na samu aikin koyarwa. Aka ba ni kwas ɗin GST, wanda ya shafi tarihin Najeriya da al'ummominta da zaman lafiya, kwas ɗin da kowane ɗalibi dole ya ɗauka ko injiniya zai zama ko malamin gona. Manyan malamai ba sa son shi saboda makin, ɗaruruwan takardu ne, ni kuwa daɗi nake ji. Ka shiga hol ka ga ɗan Azare, 'yar Bogoro, ɗan Dass, 'yan Jos, 'yan Potiskum da Biu, ga Yarbawa ga Ibo, makirfo yana yi yana ɗaukewa. Sai in jefa musu haɗewar 1914, ko juyin mulkin Janairun 1966, ko soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, in koma gefe in harɗe hannu a yi ta fafatawa. Shagon Baba nake so in mayar da ajin, kuma a shekarun farko ya yiwu.

Rikicin Boko Haram da ya faru a unguwar Dutsen Tanshi ran 26 ga Yulin 2009 ya same mu muna yajin aiki, makaranta a rufe, muka ɗauka abu ne ya zo ya wuce. Ko da aka fasa gidan yarin Bauchi cikin azumin 2010 fursunoni sama da 700 suka fice, hira muka yi ta yi a kai a ofis, ba wanda ya kawo a ransa cewa abin zai biyo mu har aji.

Sai 2011 ta zo. Farfesa Jega, wanda tsohon shugaban ƙungiyarmu ta ASUU ne, yana riƙe da INEC, aka jawo malaman jami'a cikin aikin tattara sakamako, 'yan bautar ƙasa kuma aka ba su rumfuna. Da murnata na ba da suna, ji nake yau ga ni zan taɓa abin da nake koyarwa da hannuna. Aka tura ni wata mazaɓa can arewacin jihar. A takarda aikin ba wuya, kowace rumfa ta kawo fom ɗinta EC8A, ni in kwafe in tara a EC8B, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu, in kai gaba. Ranar Asabar 16 ga Afrilu aka yi na shugaban ƙasa. A ajin wata firamare muka raba dare, daga fitilar caji sai kalkuleta, mutane sun cika tagogi, duk lambar da na rubuta sai wani ya karanta ta da ƙarfi ga na waje. Akwai wata kofa, wato 'yar bautar ƙasa, 'yar Kudu da lissafinta ya ƙi daidaita, hannunta na rawa, jama'a sun fara gunaguni, na ce ta zauna mu sake bi a hankali, ashe ƙuri'un da suka lalace ne ta tara sau biyu. Aka gyara a gaban kowa aka sa hannu. Ta karɓi lambata na karɓi tata. Ba wanda ya ba ni ko sisi, ba wanda ya ce in taɓa wata lamba, Buhari ya cinye mazaɓar da rata mai yawa kamar yadda ya cinye jihar.

Ina dawowa gida sakamakon sauran jihohi ya fara fitowa, aka ga Jonathan ne zai ci, kafin Litinin gari ya kama. A ƙofar masallacin unguwarmu wani dattijo da ya halarci ɗaurin aurena ya tare ni ya ce, Malam, ku aka ba amana kuka sayar da mu ko? Na buɗe baki zan masa bayanin fom da sa hannu, na lura ba bayani yake nema ba, kuma samari sun fara matsowa. Na ce Baba Allah ya huci zuciyarka, na ja takalmina na shige gida. A ranar na gane in an ce malamin jami'a ya yi aikin zaɓe, to a wurin wanda ya faɗi ɓarawo ne ko da a mazaɓarsa ɗan takararsu ne ya ci.

Ina zaune waya ta shigo, wata ɗalibata ce Kirista, muryarta ƙasa-ƙasa. An ba da hutun zaɓe amma waɗanda garinsu ke da nisa da yawa ba su tafi ba. Ta ce ita da ƙawarta suna kulle a ɗakin haya, mutanen gidan duk sun watse, suna jin ihu yana matsowa. Wallahi ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, ƙafata sanyi ta yi, na tsaya ina lissafin hanya. Maiɗakina ce ta shiga ɗaki ta fito da hijabi biyu ta ɗora min a cinya ta ce, Malam, in ka tsaya tunani ba za ka je ba, tashi. Na je na ɗauko su, suka zauna a baya cikin hijabi, na ce duk abin da za a yi kar wacce ta buɗe baki. A hanyar dawowa muka faɗa shinge, tayoyi na ci, samari da gora da adda, yawancinsu yara ne ƙanana da ko ƙuri'a ba su isa jefawa ba. Ɗaya ya zuro kai ta taga yana ƙare wa na baya kallo ya ce su waye waɗannan, su yi magana mana. Sai na ji murya daga gefe, kai ku matsa, malaminmu ne, iyalinsa ne. Na ɗaga ido, ɗalibina ne, gora a hannunsa. Ajinsu ɗaya da yaran nan, ya kalle su ya gane su sarai, ya sake cewa iyalinsa ne ku buɗe hanya. Aka janye itacen muka wuce.

A ɗakin Inna mahaifiyata suka zauna har dokar hana fita ta sassauta. Inna ba ta jin Turanci, su kuma Hausarsu ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba, amma kullum tana tura musu kwano tana cewa ku ci 'ya'yan nan, ku ci. Ana cikin haka labarin Giade ya iso, cewa an bi 'yan bautar ƙasa har ofishin 'yan sanda. Goma aka kashe a jihar nan. Na dinga kiran lambar kofar nan a kashe, in ajiye waya in sake ɗauka, abinci ya fita raina, sai daga baya ta ɗauka tana kuka ta ce sojoji sun kwashe su tana nan da rai. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 ne suka mutu a Arewa cikin kwana uku, Musulmi da Kirista. Zaɓen gwamna ma a Bauchi da Kaduna sai da aka ɗaga shi zuwa 28 ga wata.

Da aka dawo karatu na shiga aji na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba wanda ya tsara amma an rabu, waɗannan gefe guda waɗancan gefe guda, kujerun tsakiya ba kowa. Na yi tambaya, shiru. Na yi barkwancin da na saba, ko murmushi babu. Yaron nan yana can baya ya sunkuyar da kai, ɗaya daga cikin 'yan matan tana gaba, ɗayar kuwa iyayenta sun rantse ba za ta sake taka Arewa ba.

Na kira shi ofis. Ya shigo ya durƙusa, na ce tashi ka zauna, me ya kai ka can? Ya ce Malam wallahi ban taɓa kowa ba, an sace mana zaɓe ne kowa ya fito, in ban fito ba a unguwa za a ce ni munafuki ne. Na ce ni da hannuna na tara ƙuri'a, inda na yi aiki ba a saci komai ba, kuma ko an sata a wani wuri yaran da ke bayan motata su suka sata? Ya yi shiru, can ya ce Malam ai shi ya sa na ce iyalinka ne. Amsar nan ta hana ni barci. In na kai rahoto za a iya korarsa, jami'an tsaro kuma a lokacin kame kawai suke ba tambaya. Ga shi da idona na gan shi da gora a shinge, ga shi kuma da ba ya wurin Allah kaɗai ya san yadda za mu ƙare. Na nemi yarinyar tunda ita abin ya fi shafa, ta ce Sa, ni dai kar a haɗa ni gurup ɗaya da shi, kuma kar a ce in tsaya gaban kwamiti. Ban kai rahoto ba. Wani abokin aikina Kirista da na ba labarin ya ce da ɗan cocinsu aka gani da makami da tuni an kore shi, kuna rufa wa naku asiri ne kawai. Na kasa ce masa ƙarya yake. Mun jima gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Wani babban malami da nake girmamawa ya ja ni gefe ya ce, ƙanina, kwas ɗin nan naka yanzu garwashi ne, kar ka ɗauka da hannu, ka ba su hendawut su haddace, 1966 da yaƙin basasa ka tsallake, ba wanda zai tuhume ka. Kuma gaskiyarsa, ba wanda zai tuhume ni. Amma na duba na ga yaran nan duk abin da na tsallake za su ji shi a majalisa ko a wurin ibada, kowa ya ji rabin da ya yi wa ɓangarensa daɗi. Ɗan Arewa ya san an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, bai san abin da aka yi wa Ibo a garuruwanmu a cikin shekarar ba. Ɗan Kudu ya san na biyun bai damu da na farkon ba. Sai na yanke duk biyun a lakca ɗaya zan faɗe su, na kuma canza salo. Na daina cewa wa ke da ra'ayi. Ƙuri'a nake yi da 'yan takardu, abin da ka ɗauka shi za ka kare ko ranka bai so ba, sai ka ga ɗan Katagum ya tsaya yana bayanin abin da ya sa Gabas ta ga an saɓa alkawarin Aburi har ta ɓalle a 1967, 'yar Ibo kuma tana bayanin abin da ya tsorata Arewa a doka ta 34 da Ironsi ya soke tsarin tarayya da ita. Da farko kamar ana zare musu haƙori, wasu har sun zo roƙon a canza musu. Na sa doka, ba an ce an ce, ka kawo shekara da inda ka karanto, kuma ba kiran sunan ɗan siyasa mai rai. Na kuma tura su kabarin Tafawa Ɓalewa a gurup-gurup a cakuɗe su rubuto abin da suka gani, ka yi mamakin yawan 'yan cikin gari da suke wuce wurin kullum ba su taɓa leƙawa ba.

Wasu abokai sun ce hana kiran sunan masu rai tsoro ne. E, akwai tsoro a ciki, ina da yara ƙanana. Amma kuma na gwada na gani, da an ambaci sunan ɗan takara tunani ya tsaya, sai tafi da ihu. Duk da dokar tawa wata rana saƙon tes ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, Malam ka iya bakinka. Shikenan abin da aka rubuta. Abin da ya fi ci min rai ban san daga wane ɓangare ba ne, ɗalibi ne mai jin haushi, ko 'yan siyasa, ko jami'an tsaro, ko mutanen nan da a lokacin ko a ofis ba ma kama sunansu sai dai mu ce yaran nan. Daga ranar in ina lakca idona na kan fuskoki ina neman wanda ya turo.

Daga 2012 abin ya wuce maganar zaɓe. An shiga shekarar da tsalle-tsallen fetur daga naira 65 zuwa 141, aka fito zanga-zanga har da mu, kafin a huce sai aka kai hari Jami'ar Bayero ran 29 ga Afrilu aka kashe masu ibada har da farfesoshi, a watan Yuni aka tayar da bam a coci a Yelwa nan cikin Bauchi. Sai Mubi, inda aka bi ɗalibai gidajen kwanansu, sai kwalejin aikin gona ta Gujba a Satumban 2013, sai Buni Yadi. Duk makaranta ake bi, kai kuma kullum da safe makaranta za ka. A get a buɗe but a leƙa ƙarƙashin mota, a hana shiga hol da jaka. Wata rana ana tsakar jarabawa salansar wata babbar mota ta buga a waje, kafin in ce a tsaya yara sun bi ta taga, wata ta karye a ƙafa, takardun amsa a warwatse da sawun takalma, ni kaina a bayan ƙofa na tsinci kaina ban san lokacin da na je ba. Muka yi dariya daga baya, amma a satin likita ya ce min jinina ya hau, har yau ina kan magani.

'Yan Borno da Yobe su suka fi ba ni tausayi. Da aka sa dokar ta-ɓaci a Mayun 2013 aka katse layukan waya a can, yaro yana zaune a gabanka bai san ko iyayensa na raye ba, kai kuma kana masa maganar tes. Akwai wanda nake duba masa furojet, yaro mai natsuwa, da muka shiga yajin aikin nan na Yuli zuwa Disamba ya ce zai je ya dubo gida. Bai dawo ba. Na tambayi 'yan garinsu, wani ya ce an kashe shi a hanya, wani ya ce kama shi aka yi, wani ya ce yana Kamaru. A takardar sakamako dai ABS na rubuta masa kamar wanda ya yi fashin jarabawa, don fom ɗin ba shi da wani gurbi.

Abokan aiki 'yan Kudu suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsu ba. Ni ma wani abokina ya samo min aiki a Abuja, albashi ya fi nawa. Na je na sami Inna ina kewaye-kewaye, ta katse ni ta ce, ni dai ba inda za ni, kabarin ubanku a nan yake, in za ka tafi Allah ya kiyaye hanya. Ta san sarai ba zan iya barinta ba. To in kun ji ana cewa Malam ya tsaya don kishin ɗalibai, Inna ce ta tsayar da ni, kishin ɗaliban daga baya ya samu wurin zama.

A 2015 ban ba da sunana aikin zaɓe ba. An ɗaga shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, kuma a ranar 14 ɗin aka kai hari Gombe, ɗalibai suka watse gida tun kafin a ce su tafi. Da Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna na yi sujada, don na san abin da muka tsallake. Na zaci aji zai yi sauƙi tunda namu ya hau, ashe wani sabon salo ne. A Mayun 2016 aka kai fetur naira 145, muna darasin haƙƙin ɗan ƙasa na yi tambaya, ban kira sunan kowa ba, na ce me ya sa muka cika titi a 2012 yanzu kuma muka yi tsit? Wani ya ɗauka a waya, ya yanke gaba da baya, ya sa a Facebook cewa ga malamin jami'a ɗan PDP yana zagin Baba Buhari. A kwamen har iyayena aka zaga, wani ya rubuta sunan unguwarmu. Abokin nan nawa Kirista shi ya fara shigowa ofis, ya zauna yana dariya ya ce ashe naku ma ba su bar ka ba. Daga nan muka shirya.

Amma in gaya muku gaskiya duk wannan bai karya ni kamar 2022 ba. Bam tsoro yake ba ka ka kwana ka tashi, yunwa kuwa a gaban iyalinka take tozarta ka. Mun shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu kan yarjejeniyar 2009 da ba a cika ba da rigimar tsarin biyan albashi na IPPIS da UTAS, gwamnati ta ce ba aiki ba biya. Wata takwas. Motar nan da na ɗauko yaran da ita na sayar, na cire 'ya'yana daga makarantar kuɗi, mai shagon unguwa ya buɗe min shafi a littafin bashi, in zan aika sai bayan isha don kar a gani. Na koma noma a wata 'yar gona ta hanyar Dass, taki ya gagara, masarar ta fito abin tausayi. A waje kuma zagi muke sha, iyaye na cewa mun zaunar musu da yara muna son a biya mu muna kwance, kuma ɗan da ya shekara a gida ba za ka ce uban bai da hujjar fushi ba.

Ana cikin haka wata jibgegiyar mota ta tsaya ƙofar gidana, mai ita ya fito cikin shadda yana sheƙi, direba na sauke buhun shinkafa da jarkar mai. Yaron shingen nan ne, ya zama na hannun daman wani ɗan takara. Ya durƙusa har ƙasa ya ce Allah ya gafarta Malam, mun san halin da ake ciki, oga yana haɗa kwamitin masana ne na kamfen, a rubuta masa jawabi a shiga rediyo a kare manufofinsa, na ce ba wanda ya dace sai kai. Ya faɗi abin da za a dinga ba ni duk wata, ya fi albashin da aka hana ni. Na ce ya ba ni lokaci. Da daddare maiɗakina ta ce, Malam, ba zan ce ka yi ko kar ka yi ba, amma ka san abin da ya rage a sito. Malamai da yawa sun shiga irin wannan kuma ban zarge su ba, wanda ke koyar da lissafi ko kemistiri in ya yi kamfen lissafinsa bai canza ba. Ni kuwa abin da nake sayarwa a aji shi ne yaro bai san inda na karkata ba, shi ya sa in na ce ɗauki takarda ka kare abin da ba ka so yake yarda. In ya ji muryata a rediyo ina wanke ɗan takara, shikenan, ko na dawo da albashi cikakke ajin ya mutu. Na kira shi na ce ba zan iya ba. Shinkafar dai na karɓa, mun ci, ba zan ɓoye ba. Ya ce Malam tayin na nan in ka sake shawara, yunwa ba ta san boko ba. Maiɗakina ba ta ce komai ba, ta sayar da 'yan kunnenta na gwal muka biya haya, ta yi kwanaki maganarta da ni ba ta wuce ga abinci ba, kuma a lissafinta ita ma tana da gaskiya.

Kotun ma'aikata ta ce mu koma, muka janye ran 14 ga Oktoba, ƙarshen wata alat ya shigo rabin albashi. Sai a 2024 aka biya wata huɗu daga cikin wanda aka riƙe, lokacin an cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023, kuɗin ya zo bai iya sayen rabin abin da zai saya a da ba. Motar har yau ban mayar ba, Keke Napep nake hawa, wani lokacin ɗalibina ne ke tuƙawa mu yi ta rigimar karɓar kuɗi.

Yanzu ajin ya sake cakuɗewa, kujerun tsakiya sun cika, sai dai wasu da ƙafa suke zuwa ba karin kumallo, wasu kuɗin rajista ya kore su. Lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 suka dame ni da Malam mu fita ko kar mu fita, a nan na lura yaran nan a 2011 wasunsu ko firamare ba su shiga ba, ba su san Giade ba sai a taswira. Sai na sa Afrilun 2011 cikin kwas ɗin, kusa da 1966, da ƙuri'ar takardu da komai. Ranar farko muryata rawa ta dinga yi, na tsaya na sha ruwa, wata yarinya a gaba ta ce Malam ko a bari sai wani satin, na ce a'a mu ƙarasa.

Ga gangar 2027 an fara kaɗawa, na san za a sake aiko da takarda a ce malamai su ba da suna. Rabin zuciyata na so, don in mu muka ƙi wasu ne za su riƙe kalkuletar. Maiɗakina kuwa ta riga ta ba da sanarwa, ta ce ranar da na rubuta sunana za ta kwashi yara ta tafi gidansu Misau sai an rantsar da wanda ya ci. Na ce mata takardar ma ba ta iso ba tukuna, ta ce ita dai ta faɗa.